Rumbun A'i

Sanda ya buɗe rumbun matarsa A'i, ya kwashe gyaɗar da ke ciki, ya kai wa kamfani. Ita tana Korgom a lokacin, wurin ɗiyarsu da ta yi haihuwa ta biyu. Kaka ta uku ce bayan an ɗaga tutar 'yancin ƙasa.

A garinmu, tafiyar hantsi daga Kanan-Bakashe, gona iri biyu ce. Akwai gandu, gonar gida, tana hannun maigida. Akwai gayauna, ɗan filin da ake yankar wa mace. Kwana biyar tana aikin gandu, kwana biyu ta shiga gayaunarta. Abin da ya fito can nata ne, rumbun da ta zuba shi ma nata ne. Namiji ba ya leƙa shi, balle ya sa hannu. Ba alƙali ya kafa wannan ba, haka muka tarar. Kuma da dalili. In an gama kaka maigida yakan auna wa iyali hatsi, ya liƙe rumbun gandu sai faɗuwar ruwa. Gishiri, daddawa, barkono, mai, duk abin da ke sa tuwo ya wuce maƙogwaro da rani, daga hannun mace yake fitowa.

A'i gyaɗa take shukawa a gayaunarta, amma ba ta taɓa sayar da ƙwara ɗaya ɗanya ba. Mai take yi. Takan ɓare, ta soya a kasko da rairayi, ta murje, ta sheƙe, ta daka har ta yi laushi. Sai ta zauna da ƙwarya da muciya, tana tuƙawa tana ɗiga ruwan zafi kaɗan kaɗan, har mai ya taso. In ruwa ya yi yawa ya ɓaci. In ya yi sanyi mai ya ƙi fitowa. Hannunta ya san ƙima. Abin da ya rage bayan matsa, tunkuza ke nan, rabi ta murza ta soya ƙuli-ƙuli, rabi mahaucin Kanan-Bakashe ya ɗauka don kilishi. Ɓawon ta hura wuta da shi. Ganyen kuwa awaki su ci. Tiya huɗu na awo suna ba ta butali, wato kwalba, uku na mai, kuma man kaɗai yana mayar mata da abin da gyaɗar za ta yi a kasuwa. Ƙuli da tunkuza riba ne. Da wannan ribar take sayen gyaɗar mata 'yan'uwanta tun da kaka, sa'ad da take arha, ta ƙara a kan tata, ta cika rumbu. Daga nan take ɗiba kowane mako har wata kakar. Shekara goma sha tara tana haka a gidan Sanda.

A waɗannan shekaru gyaɗa ta hau kan kowa. Da an cire, kamyo-kamyo, manyan motocin kaya, su cika hanya. Kamfani ya kafa kilo a bakin kasuwa, a auna, a ɗinke buhu, a jera kamar gini, a loda, a yi kudu da ita. Ba wanda ya tambayi inda take zuwa. Ma'aikata masu wando sun zo sun tara mu, sun ce yanzu ƙasa tamu ce, gyaɗa ce arzikinta, wanda ya riƙe gyaɗa a gida ya riƙe ƙafar ƙasa. Shekarar nan kamfani ya ƙara da cewa manomin da ya fi kowa buhu a wannan kilon za a ba shi garmar ƙarfe, irin wadda shanu ke ja, da takardar yabo.

Mai kama kilo Illo ne, taubashin Sanda, ɗan ƙanwar babansa. Ya yi lakwal, makarantar boko, shekara uku a Tasawa, yana saƙale da fensir a kunne. Da yake taubasai ne, abin da wani ba zai iya gaya wa Sanda ba shi yana gaya masa a bainar jama'a.

Ranar da Sanda ya kai nasa na ƙarshe, Illo ya duba littafi ya yi tsaki.

"Ashirin da bakwai. Sannu da ƙoƙari, bawana. Ka fi mata uku."

"Rubuta abinka ka rufe baki."

"Na rubuta. Mutari talatin da ɗaya. Ga shi can yana gwada yadda ake riƙe garma da sandar wani."

Aka yi dariya. Mutari maƙwabcin gonar Sanda ne, sun yi shekaru suna gardamar iyaka. Sanda bai juya ya dube shi ba.

"Yaushe za a rufe kilo?"

"Kasuwa mai zuwa. Me, za ka tono wata a ƙarƙashin gado? Ko ka roƙi uwargida ta ara maka. Ita ce mai gyaɗa a gidanku, kowa ya sani."

Wasa Illo yake yi. Sanda bai ɗauke shi wasa ba. Ya koma gida, ya kwana biyu yana wuce rumbun nan yana dawowa. Rana ta uku da hantsi ya jingina tsani, ya ɗaga murfin, ya shiga. Tsohuwar da ke maƙwabtaka da su ta hango shi ta saman darni.

"Sanda, lafiya? A'i ta aiko ne?"

"Gidana ne, Inna."

Ta juya ta koma ɗaki.

Ya kai gyaɗar wurin injin hannu na kamfani aka ɓare. Ta ba da buhu shida. Har wadda ke cikin tulu a ƙuryar rumbu, an liƙe bakinsa da laka, ya fasa ya juye. Illo da ya ga buhunan ya daina dariya.

"Taubashi, wannan daga ina?"

"Auna."

"Na ce daga ina?"

"Aikinka awo ne ko tambaya?"

Ya auna. Talatin da uku. Ranar rufe kilo aka kira Sanda gaban mutane, wani mai farin kwat ya ba shi hannu, ya miƙa masa takarda da Faransanci. Aka ɗora garmar a kan jaki aka kai masa har ƙofa, yara na biye. Ba shi da sa ko ɗaya. Ya jingine ta a zaure inda duk mai shigowa zai gani.

A'i ta dawo bayan kwana goma sha biyu. Ta sauke kaya, ta sha ruwa, ta gaisa da maƙwabta. Ta lura ba mai haɗa ido da ita. Da la'asar ta ɗauki ƙwarya ta hau tsani don ta ɗebi ta soyawar gobe. Ta daɗe a sama. Da ta sauko ƙwaryar ba komai.

Sanda na zaune a tabarma. Ya riga ya ajiye ƙullin kuɗi a gefensa.

"Malam, wa ya shiga rumbuna?"

"Ni ne."

"Kai da kanka?"

"Ga kuɗinki. Buhu shida, yadda kilo ya ba da. Ban rage ko tamma ba. Ki tambayi Illo."

Ta dubi ƙullin, ba ta taɓa ba.

"Tulun fa?"

"Har shi."

"Iri ne. Ƙwara ƙwara na zaɓe shi. Na uwata ne, daga gidanmu na zo da shi."

"Kamfani zai raba sabon iri. Ya fi naki auki."

"Ya fi nawa mai?"

Ya tura ƙullin gabanta da yatsa.

"Na biya ki. Me kuma? Wasu mazan ko biya ba su yi."

"Gyaɗa ka biya. Ni ba gyaɗa nake sayarwa ba."

"To me ke cikin rumbun, zinariya?"

"Cefanen gidan nan ne har damina."

Sanda ya tashi ya fita masallaci. A ganinsa magana ta ƙare. Gyaɗa tana da kuɗinta, kilo ya faɗa, ya biya. Bai taɓa zama ya dubi abin da ke faruwa tsakanin kasko da butali ba. Aikin mata ne, yana jin ƙamshinsa yana wucewa.

A'i ta ɗauki kuɗin washegari, ta bi gida gida neman gyaɗa. Babu. Kamyo sun share ƙasar. Wadda ta rage da ɗan abu ta ce na iri ne. Wadda ta yarda ta sayar ta ninka kuɗin, don ta san ba wata. A Kanan-Bakashe ta samu tiya goma sha biyu, rabi duk ƙwari sun huda. Ta yi mai sau uku, shi ke nan.

Mahauci ya aiko sau biyu neman tunkuza. Na uku bai aiko ba, ya koma wurin wata. Masu ƙosai da ke jiran butalinta kowace kasuwa suka yi haka su ma. Ba laifinsu, wuta ba ta jiran mai mai. Ran da ta je kasuwa hannu wofi, ta tarar da wata ta shimfiɗa faifai a gindin gawon da take zama shekara da shekaru. Suka gaisa da kyau. A'i ta wuce.

Kuɗin kuwa ya shiga tukunya. Yau gishiri, gobe daddawa, ba abin da ke dawowa. Kafin tsakiyar rani ƙullin ya zama tsumma. Miya ta koma kuka da ruwa da gishiri.

Wata rana Sanda ya yi baƙi biyu daga Mayahi, sun zo ganin garma. Aka fito da tuwo. Baƙin suka ci loma uku uku, suka ce alhamdulillahi, suka wanke hannu. Da suka tafi ya shigo cikin gida da akushin a hannu.

"Wannan mece ce kika ba baƙina?"

"Miya."

"Miya ba ɗigon mai? A gidan da ake kiran matar gidan mai mai?"

"Man yana cikin buhu shida, Malam. Ka san inda ka kai su."

"Kin tozarta ni da gangan."

"Abin da ke gidan na dafa."

Sai ya faɗi maganar da bai kamata ba. Ya ɗaga murya har maƙwabta suka ji.

"Rumbuna, rumbuna, kullum rumbuna! Filin da kika noma na wa ne? Na ubana ne. Ƙasar da rumbun ke tsaye a kai tawa ce. Abin da ke cikin darnin nan duk nawa ne, in na ga dama in ɗauka, bana da baɗi."

A'i ta karɓi akushin daga hannunsa, ta wanke, ta kife. Da gari ya waye ta ɗaura kaskonta da muciya a ka, ta kama hanyar gidan wanta Na Allah, a wani ƙauye kusa da Tasawa. Ba ta ɗauki ko zane na biyu ba.

Sanda ya ce za ta dawo da ƙafarta. Mako ya wuce, wata ya wuce. Ƙanwarsa ke aiko masa da tuwo, wata rana ya zo, wata rana a manta. Dattawa suka ce ya tura biko, ya ce bai kori kowa ba. Aka fara sassabe, hadari ya fara leƙowa daga gabas. Gidan ya yi shiru, awaki sun rame, ba mai jan ruwa. Sai ya soma zama a bakin kasuwa wurin Illo.

"Bawana," in ji Illo, "ka je ka ɗauko matarka. Ka zama kamar tsohon jakin da aka manta a rijiya."

"Da me zan je? Ta ce ba ta son kuɗi."

"Mutane da zane da goro suke zuwa."

"Ba zane na ɗauka mata ba."

Illo ya sosa kunne da fensir.

"To ba mai take kuka ba? Kai mata mai. A kantin Tasawa akwai man gyaɗa na inji, cikin gwangwani, fari tas kamar ruwan rijiya. Matan ma'aikata shi suke sa wa miya. Ka dire mata shi gaban danginta, ta ga ka fi ƙarfin abin da take taƙama da shi."

Shawarar ta yi wa Sanda daɗi. Ya sayar da akuya, ya hau kamyo zuwa Tasawa. A kanti ya nuna gwangwani babba, mai hoton gyaɗa a jiki. Da mai kanti ya faɗi kuɗin, Sanda ya ce ya sake faɗa. Ya kusa rabin abin da kilo ke ba da wa buhu guda. Ya so ya yi ciniki, mai kanti ya ce nan ba kasuwa ba ce. Akwai mutane a bayansa suna kallo. Ya biya, ya saɓa a kafaɗa, ya taka da ƙafa har ƙauyen.

Ya isa bayan azahar. Na Allah na zaure yana gyaran ƙotar hauya. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, ta gida, ta gajiya, ta zafi. Aka kawo ruwa.

"Yaya, na zo ne kan maganar A'i."

"Ka daɗe a hanya. Wata biyu daga garinku zuwa nan."

"Ayyuka."

"Haka ne. Na ji ka yi garma. Shanun suna lafiya?"

Sanda ya sunkuyar da kai. Na Allah ya dubi gwangwanin, ya dubi mai shi.

"Ni ban riƙe ta ba, ban kore ta ba. Ba yarinya ba ce, tana da jikoki. Tana ciki. Shiga ka ji daga bakinta."

Tun daga ƙofa ƙamshi ya tare shi. Wata biyar rabon da ya ji shi. A'i na zaune a inuwar ɗaki, ƙwarya tsakanin ƙafafunta, tana tuƙa gyaɗa. Tukunyar ruwan zafi na gefe. Matar Na Allah na murza ƙuli a faifai, da ta gan shi ta gaishe shi ta ja jiki bayan ɗaki, amma ba ta yi nisa ba.

"Sannu da aiki," in ji Sanda.

"Sannu da zuwa, Malam. Ka yi haƙuri, ba a barinsa in ya fara tasowa."

Ya tsaya. Ba ta ce ya zauna ba. Ta ɗiga ruwa, ta ci gaba da tuƙi. Mai ya fara kwanciya a gefen ƙwaryar.

"Ina kika samu gyaɗa?"

"Yaya ya ba ni rabin irinsa. Ya yankar mini fili kuma."

"Kina da fili a gida."

"Na ubanka ne. Ka faɗa, gari ya ji."

Ya sauke gwangwanin ya dire gabanta, har ƙura ta tashi.

"Ga shi. Mai kike so, ga mai. Na inji ne, ba wahala, ba hayaƙi. Zai kai mu har kaka."

Hannunta ya tsaya. Ta dubi gwangwanin, ta dubi hoton da ke jiki. Ta goge hannu a zane, ta sa bakin wuƙa ta ɓalle murfin. Ta tsoma yatsa, ta shinshina, ta ɗanɗana.

"Ba ƙamshi."

"Haka na Turawa yake. Tsabta ce."

"Nawa ka saye shi?"

Ya faɗa. Daga bayan ɗaki matar Na Allah ta yi salati.

"Da me ka biya?"

"Akuya."

"Wace?"

"Jar nan."

"Tawa ke nan."

Bai tuna ba, ko bai tambayi kansa ba. Akuya ce a cikin darninsa.

A'i ta mayar da murfin, ta danna da tafin hannu.

"Ina ƙulin?"

"Wane ƙuli?"

"Duk man da aka matsa yana barin ƙuli. Wannan da ka sayo, ina nasa? Wa ya ci? Ka ba su gyaɗata a arha, sun matse, sun riƙe ƙulin, sun sayar maka da ruwan da tsada. Ka ɗauko a kafaɗa ka kawo mini in yi godiya."

"Ban zo gardama ba. Damina ta zo. Gidan ba kowa. Zan ƙara miki gayauna, har zuwa bakin kwari. Na faɗa gaban Yaya in kina so."

"In na noma, na cika rumbu. Baɗi Mutari ya fi ka da buhu uku, kilo saura kwana biyu a rufe. Me za ka yi?"

Sanda ba ya ƙarya, wannan kowa ya shaide shi. Ya tsaya yana kallon ƙasa. Da ya ce ba zai taɓa ba, da wataƙila ta tashi. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne:

"Zan biya ki."

A'i ta jawo ƙwaryar. Ta taɓa tukunyar ruwan ta ji ta huce, ta tura ta kan murhu, ta gyara itace.

"A'i, da ke nake. Tashi ki ɗauko mayafinki mu kama hanya tun da rana."

Ta ɗauki muciya.

"Ba ni komawa."